Me ya sa kamfanin intanet ɗaya tak ke aiki a benenmu?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a wani dogon bene mai hawa 12 da sassa 120. Wasu mazaunan su suka mallaki sassansu, wasu kuma 'yan haya ne. Tun da na tare, kamfani ɗaya ne ke ba mu intanet, alhali gidajen ƙasa da ke layinmu kamfanoni uku ne ke zawarcinsu har ana yi musu ragi. Na kira wani kamfanin suka ce ba sa shiga benenmu. Na tambayi manajan gini ya ce akwai yarjejeniya, bai ƙara komai ba. Da dare intanet ɗin rarrafe yake yi, kuɗin kuma kowace shekara sai ya ƙaru. Shin haka abin yake a ko'ina? Kuma akwai abin da mazauni irina zai iya yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka gida biyu ce: me ya tare wa sauran kamfanoni ƙofa, sannan ta ina za a buɗe ta. Ka fara da sanin cewa ba benenku kaɗai ba ne. Wannan matsala ce da hukumomin sadarwa na ƙasashe da yawa suka shafe fiye da shekara 20 suna fama da ita, kuma dalilinta ɗaya ne kusan a ko'ina. Mai gidan ƙasa shi ke da iko da katangarsa, duk kamfanin da ya ga dama sai ya ce ya ja masa waya. Kai kuwa tsakaninka da titi akwai ɗakin na'urori, akwai bututu, akwai bango da silin da ba naka ba ne. Wanda ke riƙe da waɗannan mitoci kaɗan na ƙarshe shi ke yanke wa mutum 120 hukuncin wanda za su saya a wurinsa. Gasar da kake gani a titi tana tsayawa ne a bakin ƙofar ginin.

Hanyar da waya ke bi kafin ta iso ɗakinka

Wayar kamfani tana zuwa daga titi ta cikin bututun da aka binne, ta shiga wani ɗaki a hawan ƙasa ko a ƙarƙashin ginin, inda ake kafa na'urori. Daga nan wayoyi ke hawa ta wani siririn lungu da aka bari a jikin gini tun daga ƙasa har sama, wanda zan riƙa kira lungun waya. A kowane hawa, ko bayan hawa biyu ko uku, akwai ƙaramin akwati ko kabad da ake rarraba wayoyi, daga nan kuma kowace waya ta bi silin na baranda ta shiga sashen da aka nufa. Wurare huɗu ke nan, kuma toshewar ɗaya daga cikinsu ta isa ta hana kamfani na biyu shigowa: bututun titi ya cika ko ya murƙushe, ɗakin na'urori ba fili ko ba wutar lantarki, lungun waya ya cushe da tsofaffin wayoyin da ba wanda ya cire, ko kuma wayar da ke shiga sashenka mallakar kamfanin farko ce.

Irin wayar ma tana da tasiri sosai. Idan tsohuwar wayar tarho ce ta tagulla, akwai fasahohin da ke matso gudu mai yawa daga cikinta a gajeren zango, irin su VDSL2 da G.fast, amma wayoyin da ke cikin dami ɗaya suna yi wa juna kutse, kuma na'urar da ke kashe wannan kutsen tana buƙatar ta ga dukkan wayoyin damin a hannu ɗaya. A irin wannan ginin, idan kamfani ya ce raba waya da wani zai lalata aikin, gaskiya ya faɗa. Idan wayar talabijin ce mai zagayayyen jiki, sai a duba yadda aka ja ta. Inda kowane sashe ke da tasa wayar tun daga akwatin hawa, sauya kamfani bai wuce a kwance ta daga wannan baki a ɗaura a wancan ba. Inda kuwa waya ɗaya ce ta ratsa sassa da dama a jere, kamar yadda ake yi a tsofaffin gine-gine, ba ta rabuwa sam. Idan wayar kwamfuta ce irin Cat5e ko Cat6, tana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa har tsawon mita 100, kuma ita ce mafi sauƙin sauyawa. Sai faiba, wato zaren gilashi mai ɗaukar haske, wadda ita ce ta fi kowace kyau idan kowane sashe na da zarensa da ya sauka har wurin da kamfanoni za su iya haɗuwa da shi.

Saboda haka abu na farko da za ka yi ba ya buƙatar izinin kowa: ka duba bangon da intanet ke fitowa a sashenka, ka ga wace irin waya ce. Rabin amsar tana nan.

Lissafin kamfani na biyu

Wani lokaci babu wanda ya hana kowa shiga. Kamfanin ne ya yi lissafi ya ga ba riba. Mu ɗauki benenku a matsayin misali. Kuɗin haƙa daga titi, da na'urori, da jan waya hawa 12, kusan ɗaya ne ko mutum 10 suka yi rajista ko 100. Kamfanin farko ya shigo lokacin da ake gini, bango a buɗe, silin ba a rufe ba, ya kuma kwashe kusan kowa. Na biyu zai zo ya tarar da gini a gyare, sai ya huda kankare, ya yi aiki a barandar da mutane ke wucewa, ya mayar da fenti, sannan ya zauna yana fatan mutum 30 ko 40 za su bar wanda suka saba da shi. Kuma ya san ranar da ya shigo, na farko zai rage kuɗi don ya riƙe mutanensa. Wannan ragin alheri ne gare ku, amma shi ne ke sa na biyun ya ja da baya tun kafin ya fara.

Shi ya sa amsar da mai ɗaukar waya ya ba ka, cewa ba sa shiga benenku, ba ta gaya maka komai ba. Shi adireshi kawai ya buga a kwamfuta ya ga babu. Yawancin manyan kamfanoni suna da wani sashe dabam mai kula da manyan gine-gine, su ne ke aiko injiniya ya auna, su ne kuma za su iya gaya maka ko sun taɓa neman shiga aka hana su.

Yarjejeniyar da manaja ya ambata

Nan ne ya kamata ka fi tsayawa, domin kalmar "yarjejeniya" tana rufe abubuwa da yawa da ba su da hukunci ɗaya.

Mafi tsanani ita ce wadda ta ce ƙarara babu wani kamfani da zai shiga ginin sai wannan. A ƙasashe da dama an haramta ta. A Amurka, hukumar sadarwa ta FCC ta hana kamfanonin talabijin na waya ƙulla irin wannan a gidajen zama a 2007, ta faɗaɗa hanin zuwa kamfanonin tarho a 2008. Sai dai da aka toshe wannan ƙofar, an samo wasu hanyoyin da ke kai wa ga sakamako iri ɗaya ba tare da an rubuta kalmar hani ba.

Ɗaya ita ce keɓe waya. Takarda ba ta hana kowa shiga ba, amma ta ce wayoyin da ke cikin gini, wani lokaci har da bututun, kamfani ɗaya ne kaɗai zai yi amfani da su. Na biyu yana da izinin shiga, amma sai ya ja sabuwar waya zuwa kowace ƙofa, mun kuma ga yadda lissafin wannan yake ƙarewa. Akwai wata dabara da ta fi wannan: kamfani ya ja waya, ya sayar wa mai gini, sannan ya karɓe ta haya shi kaɗai, don kada dokar da ta shafi wayar kamfani ta hau kanta.

Ta biyu ita ce kamasho. Kamfani yana ba mai gini wani kaso daga abin da mazauna ke biya duk wata. Idan kason tsayayye ne kuma kowane kamfani zai iya bayar da irinsa, illarsa kaɗan ce. Mai haɗarin shi ne mai hawa-hawa: idan rabin mazauna suka yi rajista kason kaza ne, idan suka kai kashi uku cikin huɗu sai ya ƙaru. Ka ga a nan duk mazaunin da ya koma wani kamfani ya rage wa mai gini kuɗi, don haka mai ginin da kansa zai zama mai gadin ƙofa ba tare da an sa shi ba. Haka kuɗin shiga da ake biya dunƙule a kan kowace ƙofa ranar sa hannu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ta uku ita ce keɓe talla. Kamfani ɗaya ne kaɗai za a liƙa takardarsa a harabar gini, shi kaɗai za a saka a cikin takardun da ake ba sabon mazauni. Wannan ba ta hana ka sayen na wani ba, amma sabon shiga yana ɗauka ba zaɓi, sau da yawa ma'aikatan ofishin ginin su ma haka suka ɗauka, su faɗa maka da zuciya ɗaya. Yana yiwuwa abin da manajanku ke nufi ke nan.

A watan Fabrairun 2022 FCC ta haramta kamasho mai hawa-hawa da kamashon da aka keɓe wa kamfani ɗaya, ta jaddada cewa dabarar sayarwa da karɓa haya ta saɓa doka, ta kuma wajabta wa kamfanin da ke da keɓaɓɓen talla ya bayyana wa mazauna haka a fili. Amma ka lura da wani giɓi: waɗannan ƙa'idoji kan kamfanoni suka hau. Mai gini da ya ce shi dai ba ya son a huda masa bango, ƙa'idar tarayya ba ta tilasta shi. Birnin San Faransisko ya rufe wannan giɓin da dokarsa ta 2016, wadda ta hana mai gini korar kamfanin da mazauni ya gayyato, muddin kamfanin ya cika sharuɗɗa ya kuma biya diyya daidai gwargwado.

Sayen sari

Akwai wani tsari da ya cancanci a yi masa adalci, domin mutane suna yawan yi masa kuɗin goro. Shi ne ginin ya saya wa kowa intanet a dunƙule, a zuba kuɗin cikin haya ko cikin kuɗin hidimar gini na wata-wata. Tunda kamfani ya tabbata sassa 120 duka za su biya, ba talla, ba bin bashi, yana iya sauke farashin kowane sashe ƙasa sosai da na sayen ɗai-ɗai, kuma sau da yawa wannan tabbacin ne ke sa ya yarda ya ja faiba a tsohon gini da kuɗinsa.

A ganina hukuncin wannan tsari ya rataya ne a kan wanda ya sa hannu. Inda ƙungiyar masu sassa ce ta kira kamfanoni uku ko huɗu suka yi takara, aka kaɗa ƙuri'a, aka ɗauki mafi kyau na shekara 3 zuwa 5, gasa ta yi aikinta, sai dai an yi ta sau ɗaya a madadin kowa. Masu biya su ne masu zaɓe, kuma ragin aljihunsu yake komawa. Inda kuwa mai gini ɗaya ne ya saya da araha ya ɗora wa 'yan haya da tsada a matsayin kuɗin dole, ɗan haya ya rasa zaɓi kuma bai ga ragi ba. Mafi muni ita ce wadda magini ya ƙulla tun kafin a sayar da sashe ko ɗaya, ta shekara 10 ko fiye, ya karɓi kuɗin shiga ya tafi, ya bar wa masu sayen sassa igiya a wuya. A kowane hali akwai wanda tsarin ke cuta: tsohon da ba ya amfani da intanet, da mai aiki daga gida da ke buƙatar layi na musamman, wanda zai biya sau biyu.

Ƙasashe sun rabu a kan wannan. A Jamus an daɗe ana zuba kuɗin talabijin na waya cikin kuɗin hidimar da ɗan haya ke biya ko yana kallo ko ba ya kallo, har aka kawo ƙarshen hakan daga 1 ga Yulin 2024. A Amurka shugabar FCC ta lokacin ta gabatar da shawarar taƙaita sayen sari a 2024, wanda ya gaje ta ya janye shawarar a Janairun 2025.

Inda aka warware matsalar daga tushe

Ƙasashen da suka fi cin nasara sun daina faɗa a kan wa zai shiga, suka koma kan waya guda da kowa zai hau. Faransa ce misalin da na fi so. Dokarsu ta 4 ga Agustan 2008 da ƙa'idojin hukumar sadarwarsu ARCEP da suka biyo baya sun tsara cewa kamfani ɗaya ne zai ja faiba a cikin gini, amma wajibi ne ya bar sauran kamfanoni su haɗu da ita a wata mahaɗa. Bango sau ɗaya ake hudawa, mazauni kuma idan ya sauya kamfani, ma'aikaci ne zai je mahaɗar ya cire zarensa daga wannan baki ya soka a wancan. A Suwizalan an bi tsarin ja wa kowane gida zare huɗu don kamfanoni su samu nasu. A Singafo, kamfanin NetLink Trust ne ke riƙe da faibar da ke shiga gidaje, masu sayar da intanet kuma suna takara a kanta. A Kanada hukumar sadarwa ta CRTC ta kafa sharaɗi tun 2003 cewa kamfani ba zai yi aiki a irin waɗannan gine-gine ba sai dai idan sauran ma za su iya shiga bisa sharuɗɗa masu ma'ana. Birtaniya ta kalli wata matsalar dabam, ta mai ginin da ake rubuta wa takarda ba ya amsawa: dokarsu ta 2021 ta ba kamfani damar zuwa kotu ya karɓi izinin shiga na wucin gadi, har zuwa wata 18, idan mazauni ya nema kuma mai gini ya yi ta yin shiru.

Tsarin raba waya ma yana da nasa ciwon. Akwatin da ma'aikatan kamfanoni huɗu ke buɗewa, in ba a sa ido ba, yakan koma kamar saƙar gizo: wannan ya cire zaren maƙwabcinka don ya haɗa naka, gobe wani ya cire naka. Maganinsa lamba a jikin kowane zare, da rajistar wanda ya buɗe akwati, da hoto kafin aiki da bayansa.

Kafin ka ɗora wa babakere laifin rarrafen dare

Ka tabbatar da inda cutar take, domin idan a cikin ɗakinka take, kamfani na biyu ba zai warkar da ita ba. Ka haɗa kwamfuta da rauta, wato akwatin da ke raba intanet a sashenka, ta waya kai tsaye, ka kashe Wi-Fi, ka auna gudu da safe wajen ƙarfe 6 da kuma dare tsakanin 8 da 11, kwana 7 a jere, kana rubutawa. Idan ta waya gudun bai sauka ba amma wayar hannunka na rarrafe, cunkoson iska ne. A bene mai sassa 120 rautoci da yawa ne ke ihu a zangon Wi-Fi na 2.4 GHz, wanda tashoshi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Ka koma zangon 5 GHz, ka fito da rautar daga cikin kabad ko bayan talabijin. Idan kuwa ta waya ma gudun na faɗuwa da dare ya dawo da safe, to layin da kuke rabawa ne ya yi kaɗan. A faiba irin GPON, kusan gigabit 2.5 na saukewa da 1.25 na ɗorawa ake raba wa gidaje 32 ko 64 a zare ɗaya, sabuwar XGS-PON kuma kusan gigabit 10 kowane ɓangare. Sau da yawa ma ba nan matsalar take ba, babban layin da ya haɗa ginin da cibiyar kamfani ne ba a faɗaɗa ba tun da mazauna suka ƙaru. Kamfanin da ba shi da abokin takara ba ya gaggawar kashe wannan kuɗin. Wannan rubutaccen awo na mako guda, musamman idan maƙwabta biyar ko shida a hawa dabam-dabam suka yi irinsa, ya fi ƙorafin baki ɗari nauyi.

Abin da za ka yi

Ba ka faɗa mini ko kai mai sashe ne ko ɗan haya ba, kuma hanyar ta bambanta. Idan mai sashe ne, a mafi yawan wurare kana da haƙƙin ganin kwantiragin da ƙungiyar masu sassa ta ƙulla, don da kuɗinka aka ƙulla shi. Ka nema a rubuce. Idan ya zo hannunka ka nemi abu biyar: ranar da zai ƙare, ko yana sabunta kansa, wa ya mallaki waya da bututu yanzu da kuma bayan ƙarewarsa, me aka keɓe wa kamfanin, da abin da ginin ke karɓa. Batun sabunta kai shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Sau da yawa an rubuta cewa in ba a ba da sanarwa ba kwana 90 ko 180 kafin wa'adi, kwantiragin ya sake ɗaukar wasu shekaru. Kwamiti ya canza, takarda na cikin durowa, ranar ta wuce ba wanda ya sani. Ka sa a rubuta ranar sanarwar a cikin bayanan taron kwamiti.

Idan ɗan haya ne, ka fara da takardar hayarka, ka ga ko an ambaci intanet, sannan ka nemi mai sashen da kake ciki ya nemo kwantiragin, tunda shi ke da ƙuri'a. Ka nuna masa cewa sashen da ke da zaɓin intanet ya fi saurin samun mai haya.

Bayan haka sai tara mutane. Takarda mai ɗauke da lambar sashe da sa hannun mazauna 40 da suka ce za su sauya idan wani kamfani ya shigo, ita ce ke juya lissafin da muka yi a sama. Ka kai ta sashen manyan gine-gine na kamfanoni biyu ko uku, har da ƙanana, domin ƙananan kamfanoni da ke kafa eriya a rufin bene su sauko da waya ta lungu sukan fi manya son irin wannan aikin. Ka nemi su aiko a auna ginin, su ba da tsarin aiki a rubuce: ta ina za su shigo, fili nawa suke so a ɗakin na'urori, wutar da za su ja da wanda zai biya ta, yadda za su ɓoye waya a baranda.

Kada ka raina tsoron manaja da kwamiti, domin yawancinsa na gaskiya ne. Ramin da aka huda tsakanin hawa da hawa aka bar shi a buɗe hanya ce ta hayaƙi da wuta ranar gobara, don haka dole a toshe kowane rami da abin toshiya mai jure wuta, a kuma duba. Rufin da aka huda don eriya yana iya yoyo. Ma'aikata baƙi za su riƙa yawo da makullin ɗakuna. Amsar waɗannan ita ce takardar izinin shiga guda ɗaya da za a ba kowane kamfani ba bambanci: inshora, mayar da wuri yadda aka same shi, lamba a kan kowace waya, kwashe wayar da aka daina amfani da ita, kuma babu keɓewa ko ta wace iri. Kwamitin da aka kawo wa matsala tare da maganinta ya fi saurin amincewa.

Kafin wannan ya nuna, akwai mafita ta wucin gadi da ba ta bi ta lungun waya: intanet na gida ta hanyar 4G ko 5G, inda akwati ɗaya ne za ka ajiye kusa da taga. Ka gwada kafin ka ɗaure kanka da kwantiragi, saboda kankare mai ƙarfe da gilashin taga mai rufin hana zafi suna cinye sigina sosai, har a samu bambanci tsakanin ɗaki da ɗaki. Tauraron ɗan'adam irin Starlink yana son sararin sama a buɗe, baranda mai rufi da bene a gabanta ba kasafai take isa ba, kuma kafa faranti a jikin gini na buƙatar izini.

Idan ginin zai sake waya

In har dama ta zo, ko don kwantiragi ya ƙare ko don za a yi babban gyara, shawarata ita ce ginin ya mallaki hanyar da kansa. Ƙungiya ta biya a ja faiba daga ɗakin na'urori zuwa kowane sashe, zare 2 aƙalla, 4 in da hali, domin kuɗin aikin yana wurin ma'aikata da huda bango, ƙarin zare kuɗinsa kaɗan ne. A yi amfani da zare mai jure lanƙwasa, nau'in G.657, saboda kusurwoyin baranda. Duk zaren su sauka a allo ɗaya mai lambar kowane sashe, a bar wa kamfanoni uku wurin kafa na'urorinsu da soket na wuta. A bututu kada a cika fiye da kashi 40 cikin 100, a bar igiyar ja a ciki, a kuma ƙara bututu ɗaya fanko daga titi. A karɓi sakamakon awon haske na kowane zare da zanen inda waya ta bi kafin a biya kuɗin ƙarshe. Sannan a tambayi kamfanonin da ake so tun kafin a fara ko za su yarda su hau wayar da ba tasu ba, da irin bakin haɗin da suke amfani da shi, don wasu manya ba sa yarda, kuma gara a ji haka kafin a kashe kuɗi.

Idan ƙungiya ba ta da kuɗin wannan, kamfani kuma ya ce zai ja kyauta, ana iya karɓa, amma a rubuta cewa wayar cikin gini za ta koma mallakar ginin idan wa'adi ya cika, bututu da lungu kuma ba a keɓe wa kowa su ba ko da rana ɗaya.

Iyakar abin da zan iya yi daga nan shi ne nuna maka inda za ka duba. Ko wani sharaɗi a kwantiraginku ya halatta ko bai halatta ba, wannan ya danganta da dokar ƙasar da kake, wani lokaci ma da ta jiha ko birni, don haka idan takardar ta zo hannu a kai wa lauyan da ya san harkar gidaje ko sadarwa, a kuma rubuta wa hukumar sadarwa ta ƙasarku ƙorafi tare da awon gudun da kuka tara. Ko bututunku zai ɗauki wata wayar kuwa, sai injiniya ya buɗe lungun ya haska fitila ya gani.